Baƙon dauro: yadda za ki gane shi tun kafin ƙuraje su fito, ki hana shi zagaye gida

Iyaye mata, da sanyin hunturu ya fara ja baya zafi ya kunno kai, wajen Fabrairu zuwa Mayu, lokacin baƙon dauro, wato ƙyanda, ke nan a garuruwanmu na Arewa da Nijar. Matsalar ita ce yawancinmu sai mun ga ƙuraje muke cewa ai ƙyanda ce, alhali a lokacin yaro ya riga ya yi kusan kwana 4 yana rabawa yaran gida da na maƙwabta. Ƙwayar cutar a hanci da maƙogwaro take zama, tari da atishawa ke watsa ta, kuma tana iya zama a iskar ɗaki har awa 2 bayan mai ita ya fita. Cikin mutum 10 da ba su da rigakafi in suka zauna da shi, wajen 9 sai sun kamu.

Toh yaya za ki gane? Kamar mura take farawa, zazzaɓi mai zafi sosai, majina, busasshen tari, sai idanu su yi jawur suna zubar da ruwa, yaro ya dinga kau da kai daga haske. In kin ga waɗannan sun haɗu, ki kunna fitilar waya ki leƙa cikin bakinsa, a kumatu ta ciki saitin haƙoran baya za ki iya ganin wasu fararen ɗigo ƙanana kamar an barbaɗa gishiri. Ƙurajen sai bayan kwana 3 zuwa 4 suke fitowa, daga bayan kunne da goshi, su sauko wuya da ƙirji har ƙafa. Kuma a baƙar fata ba lallai ki ga ja ba, ki shafa da tafin hannu za ki ji fatar ta yi gurji-gurji.

Da kin fara zargi ki ware shi ɗaki guda, mutum ɗaya wanda aka yi wa rigakafi ko ya taɓa yin cutar ya riƙa kula da shi. Ba boko ba islamiyya, ba biki ba suna, har sai ƙuraje sun kwana 4 da fitowa. Inda aka fi samun matsala shi ne 'yan dubiya, ƙanwar miji ta shigo da goyon wata 5 ta zauna bakin gado ana hira, ke kuma kunya ta hana ki magana. Dan Allah ki tare ta tun daga tsakar gida ki ce Yaya ko Anti ki yi haƙuri ƙyanda muke zargi, gaisuwa ta waya ta isa. Jarirai, masu ciki da yara masu tamowa su ne ta fi yi wa illa.

Ɗabi'ar nan ta rufe ɗaki ruf wai kar iska ta taɓa shi, gaskiya tara cutar kawai ake yi. A buɗe taga. A goge masa jiki da ruwa mai ɗumi, a ba shi ruwa da kunu da nono akai-akai, a wanke hannu da sabulu bayan share majina. Ido kuwa tsumma mai tsabta da dafaffen ruwa da ya huce, kar a ɗiga ruwan ganye ko a zizara kwalli, ƙyanda da ma tana makantar da yara balle an ƙara mata da wannan.

Ki kai shi asibiti, amma tun daga ƙofa ki gaya wa nas abin da kike zargi, kar ki je ki zauna kan benci ɗaya da masu jiran awon jarirai. Za su ba shi bitamin A, ranar da kuma washegari, yana kare ido yana rage haɗarin mutuwa. Kafso na kemis ba ya kashe wannan ƙwayar, sai in likita ya ga ciwon huhu ko na kunne ya biyo baya. Farasitamol don zazzaɓi, banda asfirin.

Sauran yaran gida kuma a ɗauko katin rigakafinsu yau ɗin nan. A Najeriya allurar ƙyanda sau biyu ce, wata 9 da wata 15, kyauta a asibitin gwamnati, kuma ta biyun ce mutane ke yawan mantawa. Wanda bai samu ba, in aka yi masa cikin kwana 3 da haɗuwa da mai cutar tana iya tare ta. A ci gaba da sa musu ido har sati 3, don takan yi kwana 10 zuwa 14 a jiki kafin ta nuna.

In kuwa yaro ya fara numfashi da sauri haƙarƙari na lotsawa, ko gudawa ta ƙi tsayawa, ko ya ƙi shan komai, ko jijjiga, ko baƙin idonsa ya fara yin fari, ko da tsakar dare ne a nemi abin hawa a tafi, kar a jira gari ya waye.