Kurakuran da ake yi wajen tayar da inji a ƙasa kafin a ɗora shi a mota

Babban kuskure shi ne garaje: da an sauke inji sai a jona batir, a buga kik, kowa ya kasa kunne. Injin da ya yi watanni a ajiye, mansa ya tsiyaye ƙasa, ƙarfe zai goga ƙarfe a bushe. Fara cire filogai, ka ɗiga baƙin mai kaɗan a kowace silinda, ka sa sufana a notin karanshaf, wato babban sandan da fistin ke juyawa, ka juya da hannu. Zagaye 2 cikakku, domin sai da su kowane fistin da bawul ke gama aikinsa. In ya cije a wani wuri, dakata. Kik ba ya jin cijewa, lanƙwasa bawul zai yi ya wuce.

Kada ka zubar da tsohon mai ba ka duba ba. In ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa na shiga. In ka murza shi a yatsa ka ga ƙyalƙyalin ƙarfe, ciki ya fara cinyewa. Zuba sabo, sa sabuwar filta, ka ɗaura gejin da ke auna matsin baƙin mai, sannan ka juya da kik ba filogi ba fetur, daƙiƙa 10 zuwa 15 a kowane bugu, har allura ta ɗaga.

Masu saye da yawa kukan inji kawai suke saurare, alhali injin da zoben fistin ɗinsa ya gaji ma yana tashi da kuka mai daɗi. A ganina awon kwamfireshan, wato auna ƙarfin matse iska a cikin silinda, ya fi tayarwar kanta amfani. A injin fetur, silindar da ta gaza 100 psi (ma'aunin matsin iska) abar tuhuma ce, kuma tazarar da ke tsakanin silindoji kada ta wuce kashi 10 cikin 100 sosai. In ɗaya ta yi ƙasa, ɗiga mata mai ka sake awo: ta hau, zobe ne, ba ta hau ba, nemi bawul ko gaskit.

Ɗora inji a kan tsohuwar taya ba ɗauri ganganci ne, yana tashi zai murɗe gefe. Ɗaure shi tam, ka haɗa wayar at (ta negatif) mai kauri daga batir zuwa jikinsa, ka cire tsumman da aka toshe bakin iska da su. Ba lagireto kuwa, kada ya kai minti ɗaya yana aiki, kuma a fili, ba cikin rufaffen gareji ba.

Sai injin zamani da ke juyawa ya ƙi kamawa, a yanke masa hukuncin mutuwa. Sau da yawa kwamfutarsa ce ba ta gane makullin ba, ta hana fetur ko wuta. Haɗa ta da makullinta da wayarin ɗinta na asali. Shuɗin hayaƙin farko ma kada ya tsorata ka, man da ka ɗiga ne ke ƙonewa. Wanda ya ƙi ɗaukewa shi ne abin bincike.