Ga masu son fita kallon taurari a kan jigawa

Salamu alaikum 'yan uwa. Mu da muke wajajen Maigatari da Birniwa, jigayin yashi na bayan gari sun ishe mu kallon sama, sai dai a san lokacin fita.

Ku duba kwanan wata tukuna. Daga 27 ga watan Musulunci zuwa 2 ga mai kamawa ne sama ke yin duhu sosai, taurari su fito rututu. Farin wata na sha huɗu yana shafe ƙanana duka. Ranar da hazon hunturu ya yi kauri kuwa, ku yi zamanku a gida.

In kun hau tudun, a kashe tocila, a sa waya a aljihu. Ido na bukatar kamar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma hasken waya sau ɗaya ya mayar da kai baya. In dole ne, a ɗaura jan ƙyalle a bakin tocilar. Daga Nuwamba za ku ga Kaza da 'Ya'yanta ta gabas bayan isha'i. Ni dai daren da ba na bari ya wuce ni shi ne 13 zuwa 14 ga Disamba, lokacin da taurari ke gilmawa kamar ana harba kibau.

Yashi na saurin hucewa, don haka a ɗauki bargo da tabarma. A sa rufaffen takalmi saboda kunama da kububuwa. Kada mutum ya tafi shi kaɗai, kuma a sanar da mai unguwa kafin a fita.