Yadda na gyara agogon da ke ja baya bayan na haɗa Windows da Ubuntu

Wata biyu kenan da na raba ma'ajiyar laftof ɗina gida biyu na zuba Ubuntu (wani tsarin sarrafa kwamfuta ne kamar Windows) a gefen Windows 10. Komai lafiya lau sai abu ɗaya da ya ishe ni, duk sanda na fita daga Ubuntu na koma Windows sai in tarar agogo ya ja baya da awa ɗaya cif, in saita shi gobe ma ya sake. Wata Juma'a ina kallon agogon nan ina cewa ai da saura, ashe liman har ya hau mumbari.

Da farko na zaci batirin nan ne mai kama da kwandala da ke riƙe agogon cikin laftof ya mutu, har na sa aka canza min shi, kuɗina dai suka tafi a banza.

Ashe agogo ɗaya ne a cikin injin kuma su biyun kowa da yadda yake karanta shi. Ubuntu yana rubuta lokacin UTC (ma'aunin lokaci na duniya) a kai, shi kuma Windows in ya tashi sai ya ɗauka lokacin gari ne. Mu kuwa a Najeriya muna gaban UTC da awa 1, nan awar take ɓacewa.

Don Ubuntu ma ya riƙa rubuta lokacin gari a agogon, na buɗe Terminal (wurin rubuta umarni) a Ubuntu na rubuta:

timedatectl set-local-rtc 1 --adjust-system-clock

Zai ɗan yi gargaɗi in ka sake duba timedatectl, ni ban damu ba tunda ba ma canza agogo rani da damina kamar Turai. Na koma Windows na saita lokaci sau ɗaya, shikenan har yau bai kuma gocewa ba.