Yadda nake sa ɗalibaina su karanta Fiziks kafin WAEC

Shekarata takwas ina koyar da Fiziks a nan Jos, kuma ba abin da ke ci mini rai kamar in ga yaro ya haddace fomula amma ya kasa aiki da ita.

Ƙanena, bar hadda zalla. Bayan sallar asuba, lokacin da sanyin garin nan ya hana kowa leƙo waje, ɗauko tambayoyin WAEC da NECO na shekarun baya, ka warware biyar da biro. Fara da rubuta abin da aka ba ka, ka mayar da santimita mita, giram kilogiram. A nan maki ke zubewa, wallahi.

Firaktikal kuwa, ko a gida ana yi. Ɗaura ƙaramin dutse a zare mai tsawon mita 1, ka rataya a ƙusa, ka ja shi gefe kaɗan, ka saki. Auna lokacin zuwa da dawowa 20 da agogon waya, ka raba da 20. Za ka samu kusan daƙiƙa 2. Rage zaren zuwa santimita 25, sai ya koma daƙiƙa 1. Girafinka kuma da fensir mai tsini, kowane layi da sunansa da ma'auninsa.