Kafin ki koma Kasuwar Dole, fara juye akwatinki

Abin da ya sa na fara wannan tsarin na rage sayen kaya wallahi abin kunya ne. Bara dab da ƙaramar Sallah na sayo mayafi ruwan toka na jikka huɗu a Kasuwar Dole ta nan Damagaram, na dawo gida ina neman inda zan cusa shi cikin akwati sai ga ɗan'uwansa sak, ko ledar ba a cire ba, kuma ni ban ma tuna ranar da na saye shi ba. Yayata tana zaune bakin gado ta ce "ke dai ba kayan kike so ba, sayen kike so". Na ji haushi amma ban da bakin musu.

To ga yadda za ki yi. Ki samu ranar da ba ki da baƙi, ki shimfiɗa tabarma ki juye komai a kai, komai fa, har na ƙarƙashin gado da buhun nan da ke saman armuwar ƙura ta rufe shi. Ki ware waɗanda kika sa daga waccan Sallah zuwa wannan, ki ware masu son gyara, sauran ki tara su gefe ki ƙirga da baki. Ni atamfa 23 na samu, 7 kawai nake sawa, sauran kusan duk anko ne, sau ɗaya aka sa aka ɗauki hoto aka ninke, wata ma gara ta huda ta ta tsakiya wata kuma sai warin ajiya, na zauna ina lissafin zubin adashi nawa ya tafi a nan har kaina ya yi zafi.

Ankon nan shi ne mai wuyar. Abin da nake yi yanzu tun ranar da aka fitar da shi nake kiran mai bikin, in ce "aminiyata kin san ba zan ƙi zuwa ba, amma anko wannan karon ki yi min uzuri", sai in kai rabin kuɗin a matsayin gudummuwa. Wasu za su yi fushi, ba zan ɓoye miki ba. Amma cikin sati biyu fushin zai wuce.

In abu ya shiga ranki a butik ko a status ɗin masu sayar da kaya a WhatsApp, kar ki biya ranar. Ki bari sai Alhamis mai zuwa, ranar babbar kasuwa, kafin nan ki juya kuɗin zuwa tiyar hatsi ko bidon ɗin ruwa, mu da muka san yadda ruwa ke wuya a Damagaram lokacin bazara wannan lissafin yana saurin sanyaya zuciya. In Alhamis ta zo har yanzu kina buƙatarsa, saya. Amma ki fara tambayar kanki in ya lalace wa zai gyara min shi a garin nan? Shi ya sa na fi son takalmin fata na dukawanmu, ya tsinke baduku ya ɗinke, na roba mai ƙyalli kuwa ya ɓalle sai juji. Salula ma haka, sau da yawa batiri ne ko bakin caji, mai gyara ya duba kafin ki ce ta mutu.

Babbar tukunyar suna da tabarmin taro ba sai kowane gida ya mallaka ba, ki ara wajen maƙwabta, ki maido a wanke a kan lokaci don gobe a sake ba ki. Kwallayen da ke jere a ɗakin Inna dai ban taɓa su ba, ban shirya wannan faɗan ba tukuna.

Waɗanda kika tara gefe kuma ki bayar tun suna da kyau, kar ki jira su koɗe sannan ki kira shi kyauta. Mayafin nan na biyu Yaya ce ta tafi da shi, da shi ta je idi.