Kaskon turare na tagulla ɗan Chaina: kurakuran da mutane suke ta yi

Masu zuwa Guangzhou saro kaya da masu saye a intanet, dan Allah ku daina ruɗewa da tambarin da ke gindin kaskon nan. Za ka juya shi ka ga rubutun Sinanci guda shida a cikin ɗan akwati, mai sayarwa ya ce maka ai na zamanin Sarki Xuande ne na daular Ming, wanda ya yi mulki daga 1426 zuwa 1435. Eh sunansa ne a jiki, amma wallahi mafi yawansu an yi su ne ɗaruruwan shekaru bayan mutuwarsa, wasu ma bara aka zuba su a masana'anta. Maƙeran Chaina sun daɗe suna buga wannan tambari saboda sunan da kaskon zamanin ya yi. Ka saya a kuɗin kayan ado kawai, in kana zargin tsoho ne ka kai wa masani ya duba nauyi da yadda aka yi zubin.

Haka ma ado. Fuskar dodon nan mai manyan idanu, taotie, asalinta tun daular Shang ne sama da shekara 3000, amma har yau kwaikwayonta ake yi, ganinta ba ya nuna tsufa. Dabbar kan murfi kuma da ake ce wa kare, yawanci zaki ne. Jemage a wajen mutanen Chaina alamar sa'a ce. Wanda kuma ka ga da rubutun Larabci kar ka ce jabu ne don haka kawai, Musulmin Chaina sun yi irinsu sosai, musamman masu tambarin Sarki Zhengde, wanda ya yi mulki daga 1506 zuwa 1521.

Sai wanda ya fi ba ni haushi, gogewa. Hajiya ta samu kasko mai launin ruwan ƙasa mai duhu sai ta sa a dirje shi da toka da lemon tsami ko man goge ƙarfe na Brasso har ya koma yana ƙyalli, alhali wannan duhun shi ne kyansa kuma shi ne kuɗinsa, in ya tafi ya tafi kenan. Busasshen tsumma mai laushi ya isa. Amma in kin ga wani koren gari mai haske yana fesowa kamar hoda, wannan ciwo ne yake cin ƙarfen, danshi da gishiri ke kawo shi, a ɗauke shi daga wuri mai laima musamman da damina, kuma kar a wanke da ruwa.

Garwashi ma ba a zuba shi kai tsaye kamar a kaskonmu na ƙasa. Mutanen Chaina sai sun cika cikin da toka mai laushi tukuna, su binne ɗan gawayi ko su soka turaren tsinke a ciki. Turaren wutanmu kuwa ga suga ga mai, narkewa yake ya manne, to ki ɗora shi a kan ɗan faranti a saman tokar.