Yadda za ka aika umarnin SQL kai tsaye ta psql

Fara shiga rumbun bayanan PostgreSQL da psql, manhajar da ake rubuta masa umarni a cikinta: psql -U sunanka -d shago (a nan shago ne sunan rumbun). Idan ya nemi kalmar sirri, ka sa.

Kafin ka taɓa komai, duba abin da ke cikin teburin kaya: SELECT * FROM kaya; Kada ka manta alamar ; ta ƙarshen kowane umarni, in babu ita psql zai tsaya yana jiranka.

Sai ka rubuta BEGIN; don gyaranka ya jira amincewarka kafin ya zauna. Don Allah kada ka tsallake wannan, domin in babu shi kowane umarni zama yake nan take. A wani kantin magani a Kawo na taɓa aika UPDATE (umarnin canza bayanai) ba tare da WHERE (mai zaɓar layukan da za a canza) ba, farashin kowane magani ya koma naira 500. Sai bayan isha'i muka gama gyara.

Yi gyaranka, sake dubawa da SELECT. In ya yi daidai, COMMIT; don ya zauna. In ka ga ɓarna, ROLLBACK; don soke shi. Fita da \q.